Abin da Bayan Ganye da Fiffiken Ƙwaro Suka Koya Mini

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in rubuta sunan kowane tsiron fan da kowane ƙwaro da ke rayuwa a wani kwari mai rafi da duwatsu, in kuma jera su dangi-dangi. Fan su ne tsirran nan masu son inuwa da danshi, waɗanda ba sa fure ba sa 'ya'ya, sabon ganyensu kuma yakan fito a nannaɗe kamar gammo kafin ya warware. A duniya akwai nau'insu kimanin 10,500. Ƙwarin da masana suka riga suka raɗa wa suna kuwa sun kai miliyan ɗaya. Mutum ɗaya ba zai ƙure ko da na yankinsa ba. Abin da zai iya shi ne ya tabbatar duk sunan da ya rubuta yana da hujja a bayansa, kuma wannan shi ne ya fi cin lokacina.

Da fan na fara, domin shi ba ya tashi ya gudu. Saman ganyensa ba ya faɗin komai: yawancinsu kore ne, a tsattsage gida-gida, sai ka ce duk ɗaya ne. Sai an juya ganyen. A bayansa akwai ɗige-ɗige ko layuka masu launin ƙasa, nan ne jakunkunan ƙurar da tsiron ke yaɗuwa da ita suke. Yadda aka jera su shi ne babbar shaida. A jinsin Asplenium dogayen layuka ne masu bin jijiyar ganye. A Pteris layi ɗaya ne ya bi bakin ganyen. Adiantum lanƙwaso bakin ganyensa yake yi ya rufe su gutsure-gutsure. A Nephrolepis da Dryopteris zagayayyu ne, kowane da ɗan murfi mai siffar ƙoda, a Polypodium kuwa zagayayyu ne amma a buɗe. Tun da idona ya saba da wannan, ba na taɓa littafi sai na juya ganye na ɗora masa gilashin ƙara girma mai ninki goma.

Ganyen da bai yi wannan ƙura ba, nakan bar shi, in sa wa wurin alama, in komo wani lokaci. Idan zan ɗauki samfuri kuma, nakan haɗa da gindin sandar ganyen da ɗan guntun jijiyar da ke rarrafe a ƙasa, domin littattafan tantancewa kan tambaya ko gashi ne a jikinta ko ɓawo. Tsiron da na ga shi kaɗai ne a wurin, hoto kawai nake yi masa. Sauran nakan shimfiɗa su tsakanin jaridu, wani ɓangaren ganyen a kife don bayansa ya fito, in danne da katako, in riƙa sauya jaridun kullum har su bushe.

Akwai masu ganin ɗigon nan su ɗauka ƙwari ne suka kama shukarsu, su kankare su. Abin yana ba ni takaici, ga shi kuma rabewar ba wuya: ɗigon ƙura a jere yake, hagu da dama daidai, ƙwarin da ke manne wa ganye kuwa a warwatse suke, har kan sanda. Haka nan ba kowane ganye mai tsage-tsage ne fan ba. Shukar ado da ake kira Asparagus setaceus ana yawan sa ta cikinsu, alhali tana fure tana 'ya'ya.

Ƙwari sun fi wahala nesa ba kusa ba. Matakin farko mai sauƙi ne: ƙafa shida, jiki kashi uku, ƙahon ji guda biyu. Da wannan gizo-gizo da kaska da kunama da shanshani suka fita daga lissafi. Daga nan sai fiffike da baki. Ƙuda fiffikensa biyu ne, ƙudan zuma da rina huɗu, kuma akwai ƙudajen da suka yi ado da ratsin rawaya da baƙi tamkar zuma, ƙirga fiffike ke tona su. Dangin buzuzu, waɗanda su kaɗai sun doshi nau'i 400,000, fikafikansu na sama masu tauri sun haɗu a miƙaƙƙen layi a tsakiyar baya, bakinsu na tauna ne. Akwai wasu masu kama da su da fikafikan suka hau juna, bakinsu kuma tsinken tsotso ne, to wani rukuni ne daban. Fara ƙahonta gajere, gyare nasa dogo. Malam-buɗe-littafi akwai ɗan kulki a ƙarshen ƙahonsa, 'yan uwansa na dare galibi babu.

Jerin yana tafiya ne daga rukuni zuwa dangi, zuwa jinsi, zuwa nau'i. Rukuni da dangi, mai haƙuri zai kai. Daga nan zuwa nau'i ne ake yin gumi. Launi, wanda shi ido ke fara kamawa, shi ne mafi raunin shaida. Namiji da mace kan bambanta. Mazari yakan dusashe bayan ya mutu, shi ya sa nake ɗaukar hotonsa da ransa. Akwai malam-buɗe-littafi na Afirka mai suna Precis octavia, wanda na damina ja ne mai ruwan lemo, na rani kuma shuɗi mai duhu, har an daɗe ana ɗaukarsu nau'i biyu kafin a rene su a ga daga uwa ɗaya suke fitowa. Ƙwari da yawa kuma ba a rabe su sai an feɗe gaɓar haihuwar namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin bincike. A irin wannan, nakan rubuta sunan jinsi in tsaya, in bar gurbin nau'i a buɗe. Rabin jerin ƙananan ƙudajena a dangi ya tsaya, kuma na gamsu da hakan, domin wanda zai zo bayana ya san daga inda zai ɗora.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne labarin wani fan na ruwa. A farkon shekarun 1960 ya lulluɓe babban ɓangare na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. An ɗauka Salvinia auriculata ne, sai aka je Kudancin Amurka aka kwaso ƙwarin da ke cin wannan nau'in aka saka, ba su yi wani abin kirki ba. A 1972 aka gane nau'i ne daban, aka sa masa suna Salvinia molesta. A 1978 aka gano asalinsa a kudu maso gabashin Barazil, aka samo wani ɗan ƙwaro mai dogon baki, tsawonsa kamar milimita biyu, a jikinsa. Da aka sake shi a 1980 a tafkin Moondarra na Ostareliya, wanda shi ma fan ɗin ya lulluɓe, cikin kimanin shekara guda ya share tafkin. Shi ma ƙwaron da farko an ɗauka wani sanannen nau'i ne, sai a 1985 aka tabbatar sabo ne, aka kira shi Cyrtobagous salviniae. Kuskuren suna a tsiro ɗaya ya jawo asarar shekaru, ga masunta da masu kwale-kwale suna fama da ruwan da ya toshe.

Takardar da ke rakiyar samfuri na ɗauke ta da muhimmanci daidai da samfurin kansa. Wuri, lambobin taswira, rana da wata da shekara, sunan wanda ya tsinta, da irin muhallin: kan dutse ne, jikin itace ne, ko bakin ruwa. In ƙwaro ne, a kan wane tsiro na same shi, kuma ci yake ko hutawa. A wurin nake rubutawa, da fensir, tun da shi ba ya narkewa a cikin sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 70 da nake jiƙa masu laushin jiki. Masu tauri nakan soke su da allurar ƙwari, buzuzu ta fiffiken dama, don hagun ya zauna lafiya a duba shi. Akwati kuma sai an rufe ruf, in ba haka ba wasu ƙananan ƙwarin za su shiga su mayar da tarin gari.

Haɗa ayyukan biyu ya nuna mini wani abu da ban zata ba. Ganyen fan sau da yawa lafiya lau nake samunsa, ga na tsirran da ke kusa duk huji. Wasu fan ɗin na ɗauke da sinadarai masu guba, misali Pteridium aquilinum da ake samu a kowace nahiya ban da Antatika, wanda har dabbobin kiwo yake cutarwa. Saboda haka duk tsutsar da na tarar tana cin fan, nakan ɗauke ta da ganyen in rene ta a kwalba har ta zama babban ƙwaro, domin yawancin littattafai babba suke siffantawa, ba tsutsa ba.

Manhajar iNaturalist tana taimaka mini, musamman wajen haɗa ni da masana. Amma sunan da ta ba da shawara daga hoto, nakan ɗauke shi a matsayin wurin fara bincike, musamman a yankunan da ba a tara hotuna da yawa ba. Sunayen kansu ma suna motsi. Tsarin suna mai kalma biyu, ta jinsi da ta nau'i, ya kafu ne tun zamanin Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, 1753 ga tsirrai, 1758 ga dabbobi, amma a 2016 masana fan suka fitar da sabon jeri bisa binciken ƙwayoyin gado, inda aka rarraba babban jinsi kamar Thelypteris gida-gida. Don haka a littafina, kusa da kowane suna akwai littafin da na bi da shekarar buga shi, kuma na ware shafi guda na tsofaffin sunaye, yadda in sunan ya sake sauyawa zan san wane samfuri ake nufi ba tare da na buɗe akwati ba.