Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Maganaɗisu

Makon jiya mun tsaya inda malamina ya miƙo mini wani ɗan ƙarfe da bai kai kan ashana ba. Sunansa CeRhIn5, haɗin seriyam da rodiyam da indiyam.

Tun ina ɗalibi na haddace cewa maganaɗisu da gudun lantarki marar turjiya ba sa ga maciji. A ƙarfen da ya rasa turjiya, elektron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, biyu-biyu suke tafiya, kuma ɗan gurɓin maganaɗisu ya isa ya raba su. Sai na ce, "Malam, ai wannan maganaɗisu ne, me za mu nema a cikinsa?" Ya yi murmushi ya ce, "Kai dai je ka matse shi."

Ashe ni aka bari a baya. Tun 1979 masanin kimiyya Frank Steglich ya gano a Jamus cewa CeCu2Si2, haɗin seriyam da jan ƙarfe da silikon, yana rasa turjiya a wajen rabin digirin Kelbin (awon da ke farawa daga ƙarshen sanyi), ga shi kuwa cike da seriyam, wanda ke da maganaɗisu. Da farko ba kowa ya yarda ba. A irin waɗannan ƙarafa, idan sanyi ya tsananta, elektron masu yawo sukan cuɗanya da na seriyam da ke zaune wuri guda, har tafiyarsu ta zama kamar nauyinsu ya ninku ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. Shi ya sa ake kiran su masu nauyi.

Wata biyu na yi ina fama da wayoyi huɗu na auna turjiya, masu sirantar gashi. Sau uku suna tsinkewa a cikin na'urar matsi, ni kuwa ban sani ba sai bayan mun ƙarar da ruwan heliyam da muke sanyaya ƙarfen da shi. Kunyar ranar ba ta faɗuwa.

A karo na huɗu suka riƙe. Kafin matsi, ƙananan maganaɗisun cikinsa sukan jeru a digiri 3.8, kowane yana saɓa wa maƙwabcinsa. Da matsin ya haura ninkin na iska dubu ashirin, jerin ya watse. Can tsakar dare, a wajen digiri 2, layin turjiya ya faɗo ƙasa ya kwanta a sifili. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wurin da hakan ta faru: daidai bakin inda maganaɗisun ke mutuwa. Masana da yawa na ganin kaɗawarsa ce ma ke ƙulla elektron biyu-biyun, kuma ni ma nan na karkata.

Na kira Malam a waya hannuna na rawa. Ya ce, "Madalla. Ka sake aunawa." Abin da awo na biyu ya jawo mini, sai mako mai zuwa.