Sau 200 kafin a kunna kyamara

Ina cikin shekarata ta uku a wasan kwaikwayon rediyo na sha wata kunya da har yau ban manta ba. An ba ni rawar dattijo mai yi wa 'ya'yansa wasiyya, shafi biyu cur. A cikin a-daidaita-sahu na ɗan leƙa takardar, na ce ai rediyo ce, rubutun yana gabana. Da aka kunna makirfo sai harshe ya dinga sarƙewa, sau tara muna sakewa. Darakta bai ɗaga murya ba, ya dai ce abin da yake ji karatu ne, ba wasiyya ba. Gara ma a ce zagina ya yi.

Wani abokin aiki ne ya ce in je in duba yadda fitaccen ɗan wasan fim Anthony Hopkins yake shirya wa rawa. Ɗan mai gasa burodi ne, an haife shi a 1937 a Port Talbot da ke Wales, kuma boko bai karɓe shi ba yana yaro. A 1965 babban ɗan wasa Laurence Olivier ya ɗauke shi a gidan wasan ƙasa na Landan, daga baya ya zama ɗan ko-ta-kwanansa: ka haddace rawar maigida kaf, ka zauna bayan labule, wataƙila har a gama ba a neme ka ba. A 1967 ciwon afendis ya kwantar da Olivier, aka ce Hopkins ya hau dandamali. Ya hau, kuma bai ba da kunya ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda yake bitar rubutunsa, sama da sau 200, har maganar ta daina zama ta marubuci. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Ni dai ban taɓa kawo wa raina cewa aikin situdiyo ma haka yake so ba. A fim ɗin Amistad na 1997 ya zubo jawabin kotu mai shafi bakwai a tashi ɗaya. Ni shafi biyu suka kayar da ni, takarda a hannu.

Ba duk halinsa ne abin koyi ba. Ya yi fama da giya har zuwa 1975, kuma a 1973 ya yi fushi ya bar wani wasan dandamali ana tsaka da zangon nuna shi. Kyautar Oscar ta farko sai 1992 ta zo, ya haura 50. Ta biyu a 2021, yana da shekara 83, ba ya ma zauren, yana Wales yana barci.

Yanzu idan an ba ni rawa, ina ja ɗan layi da fensir a gefen takarda duk bita ɗaya. Ban taɓa wuce 60 ba, gaskiya, ga aiki ga iyali. Amma wajen ta 30 wani abu yakan sauya: sai in fara jin inda mutumin zai ja numfashi, da kalmar da zai haɗiye don ba ya son faɗinta. Da aka maimaita waccan wasiyyar a wani zangon, sai a bita ta 34 na gane dattijon da autansa kaɗai yake magana, sauran 'ya'yan shaidu ne kawai.