Abin da fosfet ya koya mini a ɗakin wankin ƙoda

Injin wankin ƙoda ya iya kwashe ruwa da fotasiyam, amma fosfet, wani sinadari da ke shiga jiki ta abinci wanda ƙoda mai lafiya ke fitar da rararsa, na yi masa gardama. Kusan kashi 85 cikin ɗari na fosfet ɗin jiki yana cikin ƙashi, kaɗan ne ke yawo a jini, kuma iya nan injin ke kaiwa. Zaman awa huɗu yakan cire miligiram 800 zuwa 1000. A wanki uku na mako da ƙyar a kai 3000, alhali hanjin mai cin abinci sosai na iya shanye fiye da haka. Ana sauke mutum daga inji, fosfet ya sake tsattsafowa cikin jini.

Shi ya sa ba na son jin ana yi wa majiyyaci faɗa don gwajin fosfet ɗin jininsa ya haura 5.5, iyakar da ake so ya tsaya. Tambaya ɗaya nake yi: "Baba, da wane lokaci kuke shan maganin fosfet ɗin?" Sau da yawa amsar ita ce da sassafe, tare da na hawan jini. To an yi asara. Magungunan nan, ko kalsiyam kabonet ko sevelamer ko lanthanum, a hanji suke aiki: su cafke fosfet ɗin abinci su fita da shi ta bayan gida. In ba abinci a ciki, me za su kama? Tare da loma ake shan su. Ga su manya, ga yawa, ga an ƙayyade wa mutum ruwan sha. Wanda ya tsallake ba lallai taurin kai ba ne.

Batun abinci ma sai an yi hattara. Hana nama da ƙwai gaba ɗaya ramewa yake jawowa, mai wankin ƙoda kuwa yana bukatar furotin. Fosfet ɗin wake da hatsi bai fi rabi jiki ke sha ba. Mugun shi ne wanda kamfanoni ke zubawa a lemon kola da naman gwangwani, don kusan duka yake shiga jini. Tafasa nama a zubar da ruwan ma na ragewa.

In fosfet ya yi yawa a jini, majiyyata ƙaiƙayi ke kawo su ƙorafi. Ni abin da ya fi damuna ba a jin sa: halittar faratayirod da ke wuya tana ta yasar kalsiyam daga ƙashi, shi kuma yana haɗuwa da fosfet ya daskare a jijiyoyin jini, har zuciya ta gaji da bugu.