Laraba: neman sunan Airish ga jaririya 'yar kwana huɗu

Galwe, ƙasar Ailan, da dare.

Saura kwana uku suna, amma har hantsin yau ba a tsayar da sunan yarinya ba. Uban Bakano ne, uwar kuma 'yar Conamara, can yamma da mu inda har yanzu yara ke buɗe baki da harshen Gaeilge, wato Airish. Tun tana da ciki suka shirya cewa in mace ce, sunan Airish na gargajiya za ta ci, muddin zai zauna lafiya da sunan huɗuba. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, ki zo ki raba mu. Takarda ta cika da sunaye, ko ɗaya ban iya karantawa ba."

Ba laifinsa ba ne. Wanda ya karanta sunan Airish da idon Turanci ko na boko ya ɓata tun daga harafin farko. Haruffansu na asali 18 ne, babu j, k, q, v, w, x, y da z. Sautin v ɗin da ke cikin sunayensu da bh ko mh ake rubuta shi. In s ta jingina da e ko i, sh ake furtawa. Su dh da gh a tsakiya ko ƙarshen suna sau da yawa shiru suke yi. Sannan akwai ƙa'idar da kowane ɗan firamare a nan ya haddace, caol le caol agus leathan le leathan, wato siriri da siriri, faffaɗa da faffaɗa: wasulan da ke gefe biyu na baƙi dole su zama 'yan gida ɗaya, e da i a ɓangare guda, a da o da u a ɗaya ɓangaren. Saboda haka wasu wasulan ba don a furta su aka sa su ba, aikinsu kawai su nuna yadda za a furta baƙin da ke kusa. Da wannan sai takardar ta fara buɗewa. Niamh, Niyav. Siobhán, Shivon, da jan o ɗin. Aoife, Ifa. Sadhbh, haruffa shida gaɓa ɗaya, Sayv.

Kuma furucin ba ɗaya ba ne a duk ƙasar. Karin harshe uku ne manya: na Munster a kudu, na Connacht a yamma, na Ulster a arewa. Caoimhe a nan yamma Kwiva ce, a arewa Kiva. Ba a zuwa intanet neman hukunci a kan wannan, kakar yarinya ta wajen uwa ake tambaya, don a bakinta sunan zai fi yawo.

Bayan azahar muka yi gwajin da na fi yarda da shi. Uwar ta furta sunaye takwas a saƙon murya, aka tura wa Hajiya, mahaifiyar uban, a Kano, aka roƙe ta ta maimaita kowanne yadda ya zo mata. Hausa ba ta da v, b take mayar da ita, kuma ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani. Abin da ya dawo ya sa har mai jego ta riƙe ciki don dariya. Caoimhe ta koma Kiba, kuma kowa ya san inda yaran unguwa za su kai wannan. Bríd ta zama Biridi, saura ƙiris burodi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Éabha, domin shi ne Hauwa'u a harshensu, suna mai kyau da ya dace da gidajen biyu. Ana furta shi Eva, Hajiya ta ce Eba, ta kuma tambaya ko da miyar kuɓewa za a ci. Nan take aka soke shi. Róisín kuwa ta dawo Roshin ba tangarɗa, haka Úna, haka Nuala da ake cewa Nula.

Ma'ana ita ce ta ci mana lokaci, don a nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Jerin sunayen da ake yaɗawa kan ba da kalma ɗaya mai daɗi su yi shiru a kan labarin da ke bayan sunan, alhali duk wanda ya yi makaranta a Ailan labarin ne zai faɗo masa. Méabh sarauniyar Connacht ce a tatsuniyoyinsu, wadda ta tada yaƙi a kan bijimi guda, kuma asalin sunan yana nufin mai sa maye. Uban ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Deirdre kyakkyawa ce da labarinta ya ƙare da kashe masoyinta da mutuwarta, har laƙabin baƙin ciki ake haɗa mata. Aoife suna ne da ake dangantawa da kyau, akwai jarumar mace mai shi, akwai kuma Aoife 'yar sarkin Leinster da aka aurar wa Strongbow, jagoran mayaƙan Normawa da suka shigo daga Birtaniya, a Waterford a 1170. Amma a tatsuniyar 'ya'yan Lir, Aoife ce matar uba da kishi ya sa ta mayar da yara huɗu fararen tsuntsayen ruwa har shekara 900, babbarsu Fionnuala, wadda daga sunanta aka yanko Nuala. Wannan bai hana dubban iyaye sa sunan ba, sai dai gara a sani kafin a sa.

Ga gidan Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Áine sunan wata abar bauta ce ta zamanin maguzancinsu, har da tudunta a yankin Limerick. Bríd ma haka ta faro, daga baya ya zama sunan waliyyiyar Kiristoci ta Kildare, wadda ake bikinta ranar 1 ga Fabrairu, kuma tun 2023 ake ba da hutun ƙasa dominta. Waɗanda ba su da wannan nauyin su ne sunayen da kalmomi ne kawai na harshe. Saoirse, wato 'yanci, ya bazu ne a shekarun 1920, lokacin da ƙasar ke ƙwatar kanta daga Birtaniya. Aisling, da ake furtawa Ashlin, mafarki ne ko wahayi, asalinsa sunan wani salon waƙa ne kafin a fara sa wa 'ya'ya. Róisín 'yar ƙaramar furen wardi ce, -ín ɗin ƙarshe shi ne na ƙanƙantawa, kamar yadda muke cewa 'yar kaza. Mutane kan ɗauka duk waɗannan sun shekara dubu, alhali wasu ba su wuce kakanninmu ba. Siobhán ma da ake gani kamar tushen gargajiya, Normawa ne suka shigo da shi daga Faransanci.

Sai maganar fada, 'yar sandar nan da ke kan á, é, í, ó, ú, mai nuna jan wasali. Ba ado ba ce. Mu da muka san bambancin ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Órla daga Órlaith yake, gimbiyar zinariya. A cire sandar, orla kalmar amai ce. Seán suna ne, sean kuwa tsoho. A waya, danne wasalin ake yi har zaɓi ya fito. A kwamfuta mai Windows da allon rubutun Ailan, AltGr ake riƙewa a buga wasalin. Dokar harsunan hukuma da aka yi wa gyara a 2021 ta tanadi cewa hukumomin gwamnati su karɓi sunan mutum da fadarsa, amma har yanzu akan ci karo da tsofaffin na'urori da ke mayar da í alamar tambaya. A fasfo, sunan na fitowa da fadarsa a sama, layuka biyu na ƙasa da na'ura ke karantawa kuwa babu ita, don haka tikitin jirgi ba fada ake cike shi, kuma ba matsala ba ce.

Rubutun ma sai an zaɓi ɗaya an tsaya a kai. Daidaitaccen rubutun da gwamnati ta fitar a 1958 ya zubar da haruffa marasa sauti da yawa, shi ya sa suna ɗaya ke da fuska biyu ko uku: Meadhbh, Méabh, Maeve; Brighid, Bríd; Órfhlaith, Órlaith, Órla. Kowanne karɓaɓɓe ne. Inda ake samun ɓarna shi ne asibiti ya rubuta ɗaya, takardar haihuwa ta ɗauki wani, dangi a gida su cike fom ɗin biza da na uku. A Ailan wata uku ake da shi a yi rajistar haihuwa, ba dole ba ne a yi ta a guje, kuma daga rajistar ne lambar PPS ta yarinya ke fitowa, wato lambar shaidarta a hukumomin gwamnati, wadda kuɗin tallafin yara ke bi. Kafin a sa hannu a duba harafi-harafi, don gyara bayan nan sai da cike-cike da jira. Sunan da aka sa a farko shi likita da malamar makaranta za su riƙa kira, na biyu kan kwanta a takarda.

Wani abu da uban bai taɓa lura ba: in ana kiran mutum da Gaeilge, farkon sunan kan sauya. Siobhán ta zama a Shiobhán, s ɗin ta koma h. Máire ta zama a Mháire, a nan yamma kamar a ce a Wora. Sunayen da suka fara da wasali ko l, n, r ba sa motsi. Na gaya masa ne don kada ya ji surukarsa na kiran 'yarsa da wani abu dabam ya zaci an sauya mata suna.

Wajen la'asar surukar tasa ta shigo da tukunyar miya, ta ji abin da ake ciki, ta ce su a da ba a wannan wahalar. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uwa take ci, ta biyu ta wajen uba, ta uku sunan uwarta, ta huɗu na babbar yayar uwa. Uban ya ce, "Mama, ai mu ma haka muke yi, sai dai mu in an yi wa uwa takwara ba a faɗin sunan, Ummi ko Mama ake kiran yarinyar." Ta yi mamaki ƙwarai. Su kunyar ba ta nan, kiran sunan suke yi gatsau, in an yi yawa a gida a ce Máire Bheag, wato Máire ƙarama.

Ita kanta sunanta Máire. Shi ne Maryamu a harshensu, amma na mutane, domin Maryamu mahaifiyar Annabi Isa suna dabam suka ware mata, Muire, ba a sa wa kowa shi. Aka sake tura saƙo Kano. Hajiya ta saurara, ta ce, "Au, Mairo? To me ya hana ku faɗa tun safe?"

An tsaya a kan Máire Róisín a takarda, Maryam a huɗuba ranar Asabar. Fada uku ke nan, ɗaya a kan a, ɗaya a kan o, ɗaya a kan i ta ƙarshe. Na rubuta masa su da manyan baƙaƙe a bayan ambulan ɗin asibiti, ya ɗauki hotonsa a waya saboda ranar rajista.