Ɗaga ƙafar Hilux ɗina: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyon taɓa mota da hannunsu, ga inda na kwana a batun ɗaga Hilux ɗin nan. Ga wanda bai san ta ba, Vigo ce ƙirar 2010, mai ƙofa huɗu, ta dizal, kuma ta hannu na saye ta. Daminar bara ce ta tayar da maganar. Manyan motocin kwasar masara sun yi wa hanyar gonarmu ta wajen Doguwa kwari biyu da tudu a tsakiya, kuma sau biyu cikin motar yana zama daram a kan tudun, tayoyi na ta wulwulawa a banza. A na biyun sai da aka nemo tarakta.

Makon farko

Da inci 4 a raina na shiga gareji. Na ga hotunan motocin da aka ɗaga, sun yi tsaye kamar raƙuma, na ce nima haka. Ogan da nake koyon aikin ƙafa a wurinsa ya bari na gama zuba, sannan ya ce, "Alhaji, ka auna ta tukuna?" Ban auna ba.

Ga yadda ya nuna mini. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tanki cike, a ɗauki tef a auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin madgad, kowace ƙafa daban, a rubuta. Ba daga ƙasa ake farawa ba, don iskar taya za ta yaudare ka. Da muka yi haka sai ga bayan hagu ya fi na dama zama da santimita 2. Muka leƙa ƙasa, sifirin ɗin baya duk ya miƙe, babu sauran lanƙwasar nan irin ta baka, robar da ke hana aksil (ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu) dukan shasi kuwa ta yi sulɓi saboda yawan duka. Ashe wani kaso na tsayin da nake shirin saye da kuɗi, tsayinta ne na asali da shekaru da buhuna suka cinye.

Mako na biyu: inda inci 4 ya mutu

Gaban Vigo ba irin na Land Cruiser 79 ba ne mai aksil guda miƙaƙƙe. Tun daga ƙirar 2005 kowace tayar gaba zaman kanta take yi, tana rataye da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, ga koyil, wato sifirin mai naɗi, da shokozoba a haɗe, ga kuma shaf da ke kawo mata ƙarfi daga tsakiya. Duk yadda ka ɗaga gaban, haka shaf ɗin ke ƙara karkata. Idan karkatar ta yi yawa, robar da ke rufe gaɓar tana yagewa, giris ya fita, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na sama ma, wato gaɓar da ke haɗa hannun sama da taya, yana kai maƙura, alaimin, wato saitin tsayuwar tayoyi, ya ƙi zama. Shi ya sa yawancin kayan ɗagawa na irin wannan mota suke tsayawa a wajen milimita 40 zuwa 50, wato inci 2. Wanda ya zarce haka sai ya ƙara da sababbin hannuwan sama da kayan sauko da difransha ta gaba, wato dunƙulen da ke raba wa tayoyi ƙarfi, kuma a nan ne aljihu ke fara kuka.

Akwai hanyar arha, wato sifesa, wani zoben ƙarfe ko roba da ake ɗora wa shokozobar gaba. Mota za ta tashi, ba musu, amma a kan gajiyayyen sifirin ɗinta za ta tashi. A ganina kwalliya ce kawai, ba ta biyan kuɗin sabulu a hanyar gona.

Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, ban san cewa ɗagawa ba ta ɗaga dunƙulen nan na tsakiyar aksil ɗin baya ba. Shasi da bodi ne ke tashi, aksil yana nan inda taya ta ajiye shi. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Lambar girman tawa 265/70R16 ce, tsayinta kusan milimita 777. Idan na koma 265/75R16, kusan 804 ke nan. Bambancin 27, rabinsa ne kawai ke zuwa ƙasan aksil, wato milimita 13 da ɗoriya. Kuma allurar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 cikin ɗari. Ku riƙe wannan lissafi kafin wani ya sayar muku da mafarki.

Mako na uku: ciniki

Na zaga Ƙofar Ruwa don in san farashin kayan asali da na beljiyam, saboda in sami abin kwatance. Sunayen da suka fi yawo a wannan harka su ne Old Man Emu na kamfanin ARB, da Ironman 4x4, da Dobinsons, dukansu na Ostireliya, sai Bilstein na Jamus a ɓangaren shokozoba. Amma kafin suna, tambayar da takardunsu ke yi maka ita ce nauyi. Sifirin ɗin baya kala-kala ne: akwai na mota mai yawo ba kaya, akwai na mai ɗauke da kamar kilo 300 kullum, akwai na sama da haka. Kalmar "kullum" ɗin nan ita ce maganar. Ni ina ɗaukar buhun taki goma, kilo 500, amma sau nawa a shekara? Abin da ke bayan motar kowace rana rumfar ƙarfe ce, da safaya, da jak, da jarkoki biyu. Da na bi son zuciya na ɗauki mafi tauri, wata tara zan yi ina tsalle a titi, bayana ne zai biya bashin. Na ɗauki matsakaici.

Ta waya na yi odar daga wani dila a kudu. Da kwalin ya iso, Allah ya taimake ni na gwada lambar jikin koyil da ta takardar kamfani kafin a kwance komai. Koyil ɗin da ya turo na motar da ke da ƙaton bamba na ƙarfe da injin janyo mota ne a gaba, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Da an ɗaura, da gabanta ya ɗaga kai sama ya yi tauri. Kwana tara aka yi ana kai-komo kafin a musanya. Sannan babu bushin, wato robobin da ke shiga idon sifirin, babu kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil. Su kuma ba a so a mayar da tsofaffi. Ku tambayi abin da ke cikin kwali ɗaya bayan ɗaya kafin ku tura ko kwabo.

Ranar ɗauri

Baya na yi da hannuna, gaba na bar wa Oga. Koyil ɗin da aka matse ba abokin wasa ba ne, idan ya kuɓuce yana iya tafiya da yatsu ko fuska. Da na ɗauki sifana zan ƙarasa ɗaure notin bushin mota tana kan jak, sai ya riƙe hannuna. A sauke ta tukuna, nauyinta ya zauna, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Tawa ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka burki, don haka akwai wani bawul a baya mai sanda da ke auna nauyi yana raba ƙarfin burki. In an ɗaga mota sai ya ɗauka ba kaya, ya rage wa baya burki, dole a gyara masa zama. Daga nan muka wuce alaimin, muka saita fitilu.

Yanzu ta yi kilomita 300 da wani abu. Hagu da dama sun daidaita, ta daina dukan roba a ramuka, amma a kwana ina jin tana ɗan kwanciya fiye da da, sai na rage gudu. Akwai kuma 'yar karkarwa idan na tashi daga tsaye a giya ɗaya. Oga yana zargin borin da ke riƙe tsakiyar dogon shaf mai kai ƙarfi baya ne ke neman a ɗan sauko da shi. Ranar Asabar za mu leƙa, in ta cika 500 kuma in sake bin kusoshin U da sifana, in sake awo. Taya sai an sayar da masara.