Ɗakin Hajiya da ban shiga ba

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan jiya na miƙa makullin motar aiki da tsani da na'urar gwajin kebul, na yi sallama da abokan aiki bayan shekara shida a kamfanin haɗa intanet a gidaje. Waɗanda muka sha hawa kwano tare a rana sun san ba rigimar albashi ce ta fitar da ni ba, duk da abin da ake yaɗawa a ofis. Gida ɗaya ne ya fitar da ni. Saboda yaran da aka ɗauka bana nake rubuta yadda abin ya kasance, tun kafin a ba su labarin ta wata fuska.

Tsohon gida ne a cikin birnin Kano, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, daga baya aka ƙara sashen bulo mai rufin kankare. Daga zaure sai falon Alhaji da turakarsa, sai tsakar gida mai bishiyar darbejiya, can ƙurya kuma ɗakin Hajiya. Su biyu ne a gidan, sai wata yarinya mai taya su aiki da ke komawa gidansu bayan magariba. Babban ɗansu yana aikin likita a Ingila, shi ya kira kamfani. Buƙatarsa guda ce: iyayensa su iya kiran 'ya'yansu ta WhatsApp daga ko'ina a cikin gidan, ko nawa ne zai biya.

Na je na zagaya gidan, na dawo na rubuta cewa rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa intanet maras waya (waifai) a gida, ba za ta isa ba. Na nemi babba a falo, ƙanana biyu da za a ja wa kebul, da ɗan batirin ajiya. Oga ya karɓi takardar ya ja layi a kan komai, ya bar rauta ɗaya. A lokacin sito cike yake da wata mai tsada mai eriya shida da ta ƙi fita, kuma ribarta ta ninka ta sauran. Ya ce, "Wannan ita kaɗai ta isa layi guda, ka karanta kwalinta." Na ce, "Yallaɓai, bangon gidan nan ya kai kamu ɗaya a kauri." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ka buɗe kamfanin nan ko ni?" Na yi shiru na ɗauki kwalin.

Duk wanda ya yi wata uku a wannan sana'a ya san abin da ke jikin kwali a fili ake auna shi, inda babu bango babu ƙofa. Rauta tana watsa waifai ne a zango biyu. Zangon 5 GHz yana da gudu, amma bango biyu masu kauri sun isa su kashe shi. Zangon 2.4 GHz bai kai shi gudu ba, sai dai ya fi shi ratsa gini da cin nisa. Rodin da ke cikin kankare, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, firij, duk suna tare hanya. Yawan eriya ba ya huda bangon ƙasa, kuma ko da rautar ta yi ihu har ƙuryar gida, ita ƙaramar wayar da ke hannun tsohuwa ba ta da ƙarfin mayar da amsa. Tun da MTN ta kawo 5G a 2022 kwastomomi suke rikita shi da 5 GHz na rauta, kuma na sha jin an bar su cikin wannan ruɗu saboda yana sayar da kaya.

Na san wannan duka ranar da na kafa ta. A nan laifina yake, ba zan ɗora wa kowa ba. Da rana tsaka na yi aikin, janareta na ruri, ƙofofi duk a buɗe. Na tsaya a tsakiyar falo da tawa wayar, gwajin gudun intanet ya nuna sama da megabit 80, na ɗauki hoto na tura wa likita, ya yi ta godiya. Na fita tsakar gida na ga sanda biyu a fuskar wayata, na ce ya isa. Ɗakin Hajiya ban shiga ba. Kunya ta hana ni neman izinin shiga ɗakin uwa, ga kuma gaggawar wani aiki da ke jirana a Zoo Road. Ban karɓi wayarta na duba ba, da na ga tsohuwa ce wadda zangon 2.4 kaɗai take gani. Ban tambayi wace soket ce ke kan inbata ba, na jona a wadda ta fi kusa da tebur. Ashe inbatar gidan kwan fitila da fanka kawai take ɗauka.

Da zan tafi Hajiya ta fito da kwanon fura ta ce, "Ɗana, sha ka tafi. Yanzu ke nan ba sai na sa kati ba?" Na ce mata, "Ba sai kin sa ba, Hajiya." Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, tsofaffi da yawa suka rage sa kati, su ma suna tausayin aljihun 'ya'yansu. Ta ɗauki maganata da gaske.

Bayan kwana goma sha ɗaya, wajen ƙarfe biyun dare, Alhaji ya faɗi a bakin banɗaki kusa da ɗakinta. An ɗauke wuta tun isha'i. Hajiya ta lalubo waya ta yi ta danna sunan 'yarsu da ke Hotoro, wadda ke da mota, kira bai shiga ba. Ta jawo ƙafa zuwa falo, rautar a mace. Layinta babu ko kwabo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta buɗe ƙofar zaure ta fita lungu cikin duhu tana buga ƙofar maƙwabta. Allah ya sa da sauran kwana, Alhaji yana raye, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba zan ce da kiran ya shiga da hakan ba ta faru ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne ni na ce mata ba sai ta sa kati ba.

Likita ya kira ofis ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Oga ya ce masa ma'aikacin da aka tura bai yi binciken gida yadda ya kamata ba, za a hukunta shi. A gabana ya faɗa, wayar a buɗe kowa na ji. Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke mini rabin albashi. Takardar da ya ja wa layi ta ɓace daga fayil. Ina da hotonta a waya, na nuna wa manaja, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, ka san halin mutumin." Har yau wannan haƙurin bai zauna mini ba. Na yarda da rabona na laifin, na kuma biya shi. Shi nasa rabon ya zama riba a littafin kamfani.

Asabar ɗin da ta biyo baya na koma gidan da kuɗina. Na durƙusa na gaishe da Hajiya, na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Tashi, ɗana, ƙaddara ta riga fata." Na nemi izinin shiga ɗakinta. Na zauna a ƙasa gefen gadonta, daidai inda take ajiye waya kusa da carbi, na sa aka rufe ƙofar ƙarfen, aka kashe janareta. Sannan na fara aiki. Na ja kebul na Cat6 daga falo ta bin ƙarƙashin indararo, tunda har mita 100 yana kaiwa ba tare da ya rage komai ba, na kafa ƙaramar na'ura sama da ƙofarta daga ciki. Ta biyu na sa a rumfar tsakar gida inda ake fito da Alhaji ya sha iska. Rauta bolt 12 take ci, ba ta kai kwan fitilar da ba wajen shan wuta, don haka na mayar da ita kan inbata, na ƙara mata ɗan batiri ko da inbatar ta gaza. Suna ɗaya na ba waifan gidan gaba ɗaya, na mayar da tsaronsa WPA2 don tsofaffin wayoyi su kama. Na karɓi wayarta na kira 'yarta daga kan gado, daga bakin banɗaki, daga madafa. Na sa mata katin kira a layi, na rubuta lambobi uku da manyan baƙaƙe a jikin kwali na manna a bango.

Sauran abin da zan gaya wa sabbin yara bai da yawa. Na'urar maimaita sigina da ake maƙalawa a soket tana raba gudu biyu, idan akwai hanyar kebul a ja kebul. Rautocin mesh, masu miƙa wa juna sigina daga ɗaki zuwa ɗaki, suna da kyau a gidan bulo, amma a ginin ƙasa su ma sai an haɗa su da kebul. Tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023 mutane suke zaton faranti a rufi ya gama komai, alhali matsalar bango tana nan yadda take. Kada a ɓoye rauta a cikin kabad, zafin Afrilu zai dafa ta. Duk takardar da kuka rubuta ku ɗauki hotonta kafin ku miƙa.

Yanzu aikin kaina nake yi, da babur da jakar kayan aiki. Na nuna wa Hajiya 'yar fitilar da ke jikin na'urar, na ce idan ta ga ta mutu ta kira ni ko ƙarfe nawa ne. Sau ɗaya ta kira, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Na je na tarar jikanta ne ya zare filogin na'urar don ya sa cajin wayarsa. Na naɗe filogin da salatef, na sayo masa wata soket ɗin daban, Hajiya kuma ta sa aka damo mini fura.