Yadda 30 a madadin 46 ta cinye mini watanni biyu

Har yau idan na ga lamba 46 sai gabana ya faɗi.

Aikina na digiri na uku a kan iskar ozon ne, ta nan ƙasa-ƙasa wadda muke shaƙa, ba ta can sama mai tare hasken rana mai cutarwa ba. Da CESM2 nake aiki, manhajar kwaikwayon yanayi ta cibiyar NCAR da ke Kolorado a Amurka, na haɗa sashen sinadaran iska na CAM-chem da sashen teku na POP2. Da yawa sukan ba manhajar zafin saman teku da aka riga aka auna su huta. Ni na dage sai teku da iska sun riƙa taɓa juna da kansu, domin tambayata ta shafi yadda ɗumamar ruwa ke sauya ozon.

Inda na yi tuntuɓe, wajen shirya bayanan hayaƙi ne. Na ɗauko sabon jerin CEDS, wanda ke ba da hayaƙin motoci da masana'antu da jiragen ruwa a kilogiram. Manhajar kuwa adadin ƙwayoyin sinadari take so, kuma a cikin NOx, wato iskokin hayaƙi biyu da ake kira NO da NO2 masu haifar da ozon, NO take karɓa. Sai na raba da nauyin NO, wato 30. Ashe CEDS da nauyin NO2 yake lissafa NOx ɗinsa, wato 46. Layi ɗaya ne a rubutun da na yi da dare. Da wannan layin na ƙara wa duniya fiye da rabin hayaƙin NOx da ɗan Adam ke fitarwa, na saki aikin a babbar kwamfuta, na tafi barci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar ta fito tun da wuri. Jimillar ozon na sashen ƙasa na iska a irin waɗannan manhajoji takan tsaya wajen tiragiram (wato tan miliyan) 340 zuwa 350, tawa ta haura. Taswirar Indiya da gabashin Sin ta yi jawur. Amma kowace alama sai na samo mata uzuri, kuma tekun ne ya ba ni wurin fakewa. Manhajar da ta haɗa teku da iska tana ƙirƙiro El Nino nata ne, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan zo jefi-jefi, a shekarun da ta ga dama, ba a 1997 da aka yi gobarar dazukan Indonesiya ba, don haka ba a gwada ta da awo shekara da shekara. Na ce ai shi ya sa. Da na ga ozon na gabashin Amurka ya yi yawa a lokacin zafi, na ce ai sanannen ciwon manhajojin ne. Duk uzurin nan gaskiya ne, amma ba su ne dalilina ba.

Sai da aka ci makonni bakwai na kai wa malamina taswirorin. Bai ma tsaya kan ozon ɗin ba. Ya ce in haɗa jimillar NOx na shekara guda daga fayil ɗin da na ba manhajar, in raba da adadin da masu CEDS suka wallafa. Na dawo na ce, "Malam, 1.53 na samu." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Raba 46 da 30 ka gani." A tsaye nake, amma sai da na nemi kujera.

Na so in gyara fayil ɗin in ci gaba daga inda aka tsaya. Ozon ai bai wuce makonni uku zuwa huɗu a iska, cikin 'yan watanni zai manta da kuskurena. Amma ozon na riƙe zafi a iska, kuma shekara da shekaru na manhajar tekun yana shan wannan ƙarin zafin. Ruwa ba ya mantuwa da wuri. Da zafin teku a kafe yake, da asarar ba ta kai haka ba. Dole aka koma farko, da gwajin da kuma wanda ake kwatanta shi da shi duka, kuma fiye da rabin sa'o'in kwamfutar da aka ware mini sun tafi.

Yanzu ba na sakin komai sai na haɗa jimillar kowane sinadari na gwada da abin da aka wallafa, aikin da bai kai minti goma ba. Sannan in yi shekara guda da kafaffen zafin teku, in gwada da awon balan-balan na SHADOZ, shirin auna ozon a yankunan zafi, daga Nairobi da tsibirin Asenshan, tukuna in sako tekun. Duk fayil ɗin NOx da ya shigo hannuna kuwa, ko daga wa ya fito, tambayata ta farko ita ce: da nauyin N (naitirojin kaɗai) aka lissafa, ko NO, ko NO2?

A makon jiya sabon gwajin ya cika shekara 20 na manhaja, jimillar ozon tana zaune inda ya kamata. Duk da haka sai da na sake buɗe layin nan na tabbatar 46 ce a rubuce.